Kwana tara tsakanin Landan da Faris: wane katin sufuri ne ba zai ci mu ba?

Baban Biyu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema a wajen waɗanda suka riga ni taka biranen nan. In Allah ya yarda za mu je hutu, ni da maiɗakina da yaranmu biyu, babban shekararsa 13, ƙaramar kuma 9. Za mu sauka a filin jirgin Heathrow ranar Alhamis da safe, mu kwana biyar a Landan, ranar Talata mu hau jirgin ƙasa na Eurostar zuwa Faris, mu kwana huɗu, mu tashi daga filin jirgin Charles de Gaulle ranar Asabar. Masauki da tikitin jirgi duk an kammala. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne zirga-zirgar cikin gari. Kwana uku ke nan ina karance-karance, kaina sai ƙara ɗaurewa yake: Oyster, Travelcard, Navigo, Paris Visite, ga kuma katunan 'yan yawon buɗe ido masu haɗa kuɗin mota da shiga gidajen tarihi. Mu huɗu ne, duk kuskuren da na yi sau huɗu zan biya shi. Wanne zan saya?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam. Kafin kowa ya ambata maka sunan kati, ɗauko takarda da biro. Jera kwanakin nan tara, a gaban kowace rana ka rubuta inda za ku je, sannan ka ƙirga sau nawa za ku hau abin hawa. Ka yi gaskiya a ƙirgar, domin mutum yana zaune a ɗaki yakan zaci zai zaga gari sau bakwai a yini, in ya je kuma ya tarar gidan tarihi ɗaya ya cinye masa awa huɗu. In ka gama, raba kuɗin katin da kuɗin tikiti guda. Abin da ya fito shi ne adadin hawan da sai ka wuce shi katin zai fara yi maka amfani.

Mazaunin Landan:
Malam, a wace unguwa masaukinku yake a kowane birni? Rabin amsar tana nan.

Baban Biyu:
A Landan kusa da tashar Earl's Court. A Faris kuma tafiyar minti biyar ce daga Gare du Nord.

Mazaunin Landan:
To ka dace da wuri. Layin Piccadilly na jirgin ƙarƙashin ƙasa zai ɗauko ku daga Heathrow kai tsaye zuwa Earl's Court, ranar Talata kuma shi ne dai zai kai ku King's Cross St Pancras inda Eurostar ke tashi. Ba sauyin jirgi da akwatuna.

A Landan shawarata ita ce kada ka sayi katin yini ko na mako ko kaɗan. Tsarin garin yana da iyakar kuɗin yini. Kana dangwala katinka na banki ko Oyster, wato katin sufurin garin da ake loda wa kuɗi, ana cire kuɗin kowace tafiya, da zarar ka kai iyakar sai a daina cire maka komai har ƙarfe 4:30 na asubahin gobe. Ranar da kuka yi yawo sosai iyakar ta kare ku, ranar da kuka hau sau biyu kacal kuɗin sau biyu kuka biya. Shi kuwa Travelcard na kwana bakwai, kuɗinsa kusan daidai yake da iyakar yini sau biyar. Ke nan sai wanda zai cika iyakar fiye da kwana biyar a mako yake cin ribarsa. Ku cikakkun kwanakinku huɗu ne, Juma'a zuwa Litinin, sai guntun Alhamis da tafiya ɗaya tak ranar Talata.

Akwai kuma iyakar mako, amma daga Litinin zuwa Lahadi take ƙirgawa. Zamanku ya faɗa cikin makonni biyu, don haka cire ta daga lissafi.

Hajiya Babba:
Ni fa ban yarda da wannan ƙididdigar taku ɗari bisa ɗari ba. Ƙanina Baban Biyu, da yara za ka yi tafiya. Na je biranen nan da jikoki, na san yadda abin yake. Yarinya 'yar shekara tara in ƙafarta ta gaji a tsakiyar titi, ko ruwa ya sauko, ba lokacin tsayawa lissafi ba ne. Da katin mako a aljihu, bas ɗin da ya fara zuwa shi za ku faɗa, ko tasha biyu ce. Hutu ka je yi. In bambancin bai taka kara ya karya ba, sayi kwanciyar hankalinka.

Malamin Lissafi:
Hajiya, maganarki tana kan hanya, kuma a birnin da ba shi da iyakar yini ni ma abin da zan ce ke nan. Sai dai a Landan kwanciyar hankalin da kike nufi tana cikin iyakar, ba sai an biya ta tun daga farko ba. Abu na biyu, na lura wanda ya riga ya biya kuɗin mako yakan ji dole sai ya more shi, sai ya riƙa nutsewa ƙarƙashin ƙasa a tafiyar da ƙafa ta fi sauri. Tsakanin Leicester Square da Covent Garden bai kai mita 300 ba. Kafin ka sauka ka jira jirgi ka hauro, mai tafiya a ƙasa ya isa, kuma shi ya ga gari.

Hajiya Babba:
To na ji ta Landan. Amma a Faris ba zan janye ba, Navigo na mako shi ne magana. Lokacin da muka je, zuwa fadar Versailles da Disneyland kawai sun kusa mayar mana da kuɗinsa.

'Yar Faransa:
Hajiya, a gafarce ni, wancan lissafin ya canza. Daga Janairun 2025 an soke bambancin nisa a tikitin jirgi na yankin Faris gaba ɗaya. Tikiti ɗaya ne na metro (jirgin ƙarƙashin ƙasa) da RER (jirgin da ke ratsa gari ya fita kewaye) da jirgin bayan gari, Yuro 2.50 a 2025, ko tasha ɗaya za ki je ko Versailles ko Disneyland. Na bas da tiram Yuro 2 a shekarar. Filayen jirgin sama ne kaɗai aka ware, nasu a lokacin Yuro 13. Saboda haka tafiya mai nisa ba ta mayar da kuɗin Navigo kamar da. Yanzu yawan hawa ne ke mayar da shi, sai kuma filin jirgi.

Duk da haka a kan Baban Biyu kin yi daidai, amma dalilin daban ne. Navigo na mako daga Litinin yake aiki zuwa daren Lahadi, ba ruwansa da ranar da aka saye shi. Su Talata za su shigo su fita Asabar, duk a cikin mako guda. Kuma ya haɗa da RER B zuwa Charles de Gaulle.

Yaya, ga alƙaluman 2025, sai ka duba na yanzu domin an saba ƙara kuɗi a watan Janairu. Na mako Yuro 31.60, katin da ake ɗora shi a kai, wato Navigo Découverte, Yuro 5. Jimilla 36.60. Cire 13 na filin jirgi, saura 23.60. Hawa goma na metro ya wuce haka.

Baban Biyu:
Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Malam na ƙirga. Talata sau biyu, da yamma za mu je ganin hasumiyar Eiffel mu dawo. Laraba sau huɗu. Alhamis Versailles, zuwa da dawowa. Juma'a sau huɗu, har da Babban Masallacin Faris. Sha biyu ke nan, ban da filin jirgi. Amma zuwa Versailles na ga sai mun sauya jirgi a Saint-Michel, daga RER B zuwa RER C. Tikiti biyu ne?

'Yar Faransa:
Ɗaya ne. Sauyi tsakanin metro da RER yana cikin tikitin har awa biyu, in dai ba ka fita ka gama tafiyar ba. Inda ake tuntuɓe shi ne daga metro zuwa bas, nan sai sabon tikiti, domin iri biyu ne daban.

Malamin Lissafi:
To ga shi ya fito fili da alƙaluman 2025 ɗin. Sha biyu sau 2.50, Yuro 30. Ƙara 13, ya zama 43. Ƙara Yuro 2 na katin Navigo Easy da ake loda tikitin ɗai-ɗai a kai, 45. Navigo na mako 36.60. Kowane mutum ya rage sama da Yuro 8, kuma duk hawan da ya ƙaru a kan sha biyun kyauta ne. A nan Hajiya ta yi nasara.

Amma kada ka saya wa ƙaramar. Yaro daga shekara 4 zuwa 9 rabin kuɗi yake biya a tikitin ɗai-ɗai, shi kuwa na mako ba shi da rangwamen yara. Nata: 15, da 6.50 na filin jirgi, da 2 na kati, 23.50. In ka saya mata na mako ka yi asarar Yuro 13 a banza. Sai ta hau fiye da sau ashirin kafin su yi kunnen doki.

Hajiya Babba:
Wannan kam ban sani ba, mu duk iri ɗaya muka saya wa kowa. Na ƙaru.

Uwar Gida:
Don Allah bari in raɓa da tawa tambayar. Ni da ƙanwata Juma'a za mu sauka Faris mu bar ta Talata. Mu ma Navigo ɗin?

'Yar Faransa:
A'a Anti. Na makon da ake ciki ana daina sayar da shi daren Alhamis. Wanda za a ba ki ranar Juma'a na mako mai zuwa ne, ba zai buɗe miki ƙofa ba sai Litinin, kwana biyu kawai za ki ci. Ke tsakanin tikitin ɗai-ɗai da Paris Visite za ki auna. Shi Paris Visite ana sayar da na kwana 1, 2, 3 ko 5 a jere, yana farawa duk ranar da kika so, ya haɗa da filayen jirgi, amma ya fi tsada sosai. Akwai kuma Navigo na yini guda, shi bai haɗa da filin jirgi ba. Ki ƙirga kamar yadda Malam ya ce, zai yi wuya ɗai-ɗai bai fi miki sauƙi ba in ba yawo kike yi safe da dare ba.

Uwar Gida:
Ikon Allah. Birni ɗaya, kusan kwanaki ɗaya, amsa ta bambanta saboda ranar sauka kawai.

Ɗalibi a Jamus:
Haka abin yake ko'ina, Anti. Tambayar farko da nake yi a kowane gari ita ce, shin "yini" a wajensu awa 24 ne daga lokacin da ka fara amfani da tikitin, ko kuwa ranar kalanda ce? A Berlin awa 24 ne. In ka buga shi ƙarfe biyu na rana, zai kai ka har biyun ranar gobe, ka ga da dabara tikiti ɗaya ya ci maka yammacin yau da safiyar gobe. Babba ɗaya kuma yana iya tafiya da yara uku 'yan shekara 6 zuwa 14 a kan tikitin nan, akwai kuma na ƙaramin rukuni har mutum biyar. A inda ake bin kalanda kuwa, wanda ya fara amfani da na yini da magariba ya biya kuɗin rana cur a kan 'yan awoyi.

Sai shiyya. Berlin A, B da C ce. Gari duk yana cikin A da B, amma filin jirgin sama da Potsdam suna C. Tashoshin ba su da shinge, ba mai tare ka, shi ya sa baƙi suke shiga da tikitin da ba su buga masa hatimi a na'ura ba. Masu dubawa in sun kama ka tarar Yuro 60 ce, kuma tikitin da ba a buga ba daidai yake da babu.

Wasu za su ce maka Deutschlandticket ya fi komai araha. An fara shi a Mayun 2023 a kan Yuro 49 a wata, ya koma 58 a 2025, yana aiki a bas da metro da jiragen yanki na ƙasar baki ɗaya, ban da masu gudu irin ICE. Amma rajista ce mai sabunta kanta duk wata. In ba ka soke kafin 10 ga wata ba, za a cire maka na wata mai zuwa kana gida.

Ɗan Kasuwa:
Ƙanina ya taɓo inda ya taɓa ci na. A wani birni a Turai na sayi tikiti lafiya lau, na sa a aljihu, ban san ana buga shi ba. Tasha uku aka tare ni. Na nuna rasit, na yi bayani, ba a saurare ni ba, na biya tarar da ta fi kuɗin motar da na ware wa tafiyar duka. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin ba niyyar cuta na yi ba. Tun daga nan kafin in tambayi farashi sai na tambayi yadda ake amfani da abin.

Wani tarkon kuma, kati ɗaya ba lallai ya hau kowane jirgi ba. A Tokyo akwai tikitin awa 24, 48 da 72 na jiragen ƙarƙashin ƙasa, mai araha ƙwarai, amma ba ya aiki a layin Yamanote mai zagaye gari, saboda na kamfanin JR ne. A Amsterdam tikitin GVB, kamfanin sufurin garin, bai haɗa da jirgin ƙasan da ke ɗauko ka daga filin jirgin Schiphol ba. Santambul ce ta fi burge ni, Istanbulkart guda ka hau metro da tiram da bas har da jirgin ruwan da ke tsallaka ka daga Eminönü zuwa Üsküdar. Wasu garuruwan ma ba sai ka sayi komai ba. A Geneva otal ne ke ba baƙonsa katin hawa kyauta na kwanakin zamansa, Luxembourg kuma tun 2020 ta mayar da sufurin jama'a kyauta a duk ƙasar. Ku riƙa tambayar masauki kafin ku ciro kuɗi.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, bayanan suna da amfani, amma mu dawo kan mai tambaya. Ba a gama masa maganar yara a Landan ba, ba a kuma taɓa katunan gidajen tarihi ba.

Mazaunin Landan:
Gaskiya ne. 'Yar shekara 9 kyauta ce a bas, kyauta ce kuma a jirgin ƙarƙashin ƙasa in tana tare da babban da ya biya. Ku bi ta ƙofa mai faɗi, ku wuce tare. Ɗan shekara 13 shi ne sai ka yi masa ɗan aiki. Saya masa Oyster, ku je tare da shi wajen ma'aikacin tasha, ka ce a sa masa rangwamen Young Visitor. Zai riƙa biyan rabin kuɗin manya har kwana 14. Ba a sa wannan rangwamen a katin banki, sai a Oyster. Ku yi tun a Heathrow, domin tafiyar farko ita ce mafi tsada, filin jirgin yana shiyya ta 6.

Kai da Hajiyarka kuwa, in katunan bankinku irin na dangwalawa ne, ba ku buƙatar Oyster, farashi da iyakar yini duk ɗaya ne. Ku kiyaye abu uku. Kowa da katinsa, mutum biyu ba sa shiga da kati ɗaya. Abin da ka shiga da shi, da shi za ka fita, kuma shi za ka riƙe duk yinin, domin waya da katin roba ko asusunsu ɗaya ne tsarin yana ɗaukarsu abu biyu, iyakar ba za ta haɗu ba. Sannan a jirgi ana dangwalawa a shiga da fita, in ka manta ta fita za a cire maka kuɗi mafi yawa. A bas sau ɗaya ne, wajen shiga. Bas ɗin Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi tun 2014.

Jirgin Heathrow Express kuma ba ya cikin iyakar yini, kuma Paddington yake zuwa, ba hanyarku ba ce.

Baban Biyu:
Damuwata da katin banki ita ce cajin canjin kuɗi. In duk dangwalawa sai banki ya ɗora nasa, ai an koma gidan jiya.

Mazaunin Landan:
Ba a cire kuɗin a kowace dangwalawa, tara na yinin ake yi a cire sau ɗaya. Amma tambayi bankinka kafin ka taso: katin zai yi aiki a waje, kuma nawa suke ɗorawa? In wani kaso ne cikin ɗari, da ka loda Oyster da katin da ka dangwala shi kai tsaye duk ɗaya ne. In kuwa tsayayyen caji ne a kan kowace cirewa, gara ku sayi Oyster ku loda sau ɗaya, duk da kuɗin katin kansa yanzu ba a mayarwa.

Kada ku raina bas kuma. Ba shi da shiyya, kuɗinsa ɗaya ko'ina, kuma tun 2018 duk bas ɗin da ka sauya cikin awa guda ba a ƙara cajinka. Wanda bas kawai ya hau a yini, kuɗin hawa uku ne iyakarsa. Ku hau lamba 15 daga Trafalgar Square, ku zauna a sama ta gaba, zai bi da ku ta cocin St Paul's har Tower of London. Yara za su fi tuna wannan a kan ramin jirgi.

Hajiya Babba:
A kan katunan da ke haɗa gidajen tarihi kuwa, nan ni ce zan ce a yi lissafi. Na taɓa sayen irinsa a wani birni, na kwana uku. Don kada kuɗin ya tafi a banza muka riƙa gudu daga wannan gini zuwa wancan, jikokina suka gaji har ƙaramin ya yi kuka, ranar ƙarshe ko fita ba mu yi ba. A Landan British Museum da National Gallery da Natural History Museum duk kyauta ake shiga, na ƙarshen ma tasha biyu ne daga masaukinku. Me za ka biya wa kati?

'Yar Faransa:
A Faris ma 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biya a gidan tarihin Louvre, ko daga wace ƙasa suke, don haka yaranka biyu ba su da abin ci a irin wannan katin. Ka dai lura Louvre a rufe yake ranar Talata, kada ka sa shi a ranar saukarku.

Malamin Lissafi:
Ni ba na cewa katunan nan ba su da rana. Wanda ya riga ya ƙudurta shiga wurare masu tsada uku ko huɗu a kwana biyu zai iya cin riba. Sharaɗin shi ne ka rubuta wuraren kafin ka ga jerin da ke jikin katin. In jerin ne ya tsara maka tafiya, kuɗin da kake gani ka rage na wuraren da da ma ba za ka je ba ne. Ka kuma duba da kyau, wasu ba su haɗa da metro da bas na gari ba sam, sai motar zagaya baƙi mai buɗaɗɗen sama.

Baban Biyu:
Wallahi kun sauke mini nauyi. Gobe zan kira banki. Navigo uku da Easy ɗaya zan saya a Gare du Nord da mun sauka. Akwai abin da zan riƙo daga gida saboda shi?

'Yar Faransa:
Ƙananan hotuna uku, naka da na Anti da na yaron, faɗi santimita 2.5, tsawo 3. Ana manna hoton a jikin Navigo Découverte, a rubuta suna da biro. Ku yi wannan a gaban kantar kafin ku shiga jirgi, domin masu dubawa suna cin tarar wanda katinsa ba hoto ko da ya biya kuɗin makon. Ana iya sayen na makon a waya ta manhajar Île-de-France Mobilités a huta da Yuro 5, amma ga yaro na fi son katin hannu, waya tana iya mutuwa a tsakiyar hanya. Layin kantar Gare du Nord yakan yi tsawo in Eurostar ya sauke mutane, tunda masaukinku kusa ne ku fara ajiye kaya ku dawo.

Uwar Gida:
Ni ma na ƙirga nawa yanzu, sau tara ne da filin jirgi zuwa da dawowa. 'Yar Faransa, filin jirgin Orly za mu sauka, shi ma kuɗinsa ɗaya ne da na Charles de Gaulle?

'Yar Faransa:
Shi ma, Anti. Ki hau metro layi na 14, tun Yunin 2024 yake shiga har cikin filin jirgin.